Tayar Ƙanƙara a Kwaltar Gashuwa

Akwai abubuwa da yawa da suka same ni a kan hanya tun da na fara tuƙin a-kori-kura, wasu na manta, wasu ma na yafe wa kaina. Amma ranar da na ɗauko wa surukina dashen shinkafa daga Nguru, wannan kam sai dai idan ƙasa ta rufe idona.

A shekarar, irin da tsohon ya rena a fadamarsa ta Katuzu ƙwari suka cinye shi tas. Lokacin dashen rani kuma ya kusa wucewa, duk wanda ka tambaya sai ya ce nasa ya ƙare. Da ƙyar wani amininsa a Nguru ya ce yana da ragowa, a zo a kwasa. Idan wannan ya kuɓuce, to shi da shinkafa sai baɗi. Shi ya sa da matata ta gaya mini, na ce kada ya nemi motar kowa, ni zan kai shi in dawo da shi.

Tayoyina na baya sun suɗe kamar tafin hannu, don haka da muka isa Nguru, ana gobe za mu juyo, na je wurin wani Babarbare mai sayar da tayoyin Beljiyam, wato na hannu da ake kawowa daga Turai. Ni Bafillace ne, kun san abin da ke tsakaninmu, ba ma ciniki sai mun ci mutuncin juna. Ya jawo wasu guda biyu daga can ƙuryar shago, baƙaƙe wul, haƙoransu zaƙo-zaƙo, ga wasu ƙananan tsage birjik a jikinsu. Na ce masa lallai waɗannan 'yan gidanku ne, har da tsagar gado. Ya ce ai gara su, sun san hanya, ba kamar mai bin saniya ba. Na danna da babban yatsa na ji robar da laushi. Sai ya nuna mini wani tambari a gefe, hoton dutse mai kai uku da wani abu kamar tauraro a cikinsa.

“Ka ga wannan? Tayar hawan dutse ce. Abin da ya hau dutse, yashin Jakusko zai gagare shi?”

Wallahi maganar ta shige ni. Har yau ban yarda cutata ya yi niyyar yi ba, shi ma iyakar abin da ya fahimta ke nan. Mutum biyu, kowa da gemunsa, muka tsaya muna fassara hoto kamar mun san yaren masu shi. Na biya, aka ɗaura mini su a baya.

Da safe aka cire dashen, aka ɗaure shi dami-dami da jiƙaƙƙiyar ƙasarsa, muka shirya a bayan mota muka rufe da buhunan da aka tsoma a ruwa. Wajen fitowa daga fadamar aminin nasa akwai wani taɓo da ya riƙe wata mota a gabanmu. Ni kuwa na ratsa ta gefe, tayoyin suka kama ƙasa, muka fita ko gezau. Na saci kallon surukina, na ga ya ɗan gyaɗa kai. Kaina ya yi girma ba kaɗan ba.

Rana ta take sosai lokacin da muka hau kwalta, irin zafin nan na gab da bazara da kake hango ruwa-ruwa a kan titi. Ba mu yi nisa ba na fara jin bayan motar yana lilo, kamar ina tuƙi a kan katifa. Daga nan sai ƙauri. Ina cikin tunanin ko in tsaya sai na ji fat-fat-fat, fatar tayar dama ta ɓare tana dukan jikin mota. Na gangara gefe, na sa sifiya, ina ta ba tsohon haƙuri kaina a ƙasa. Ya ce ba komai, mu dai yi a hankali. A hankalin muka yi, amma ba a jima ba ta hagun ma ta ce ga garinku.

Inda muka tsaya babu gari, babu rijiya, ko bishiyar kirki babu. Motocin da ke wucewa duk maƙil suke da kaya da mutane. Can sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, wani malamin jami'ar Gashuwa ne da iyalinsa. Ya yi mana sannu, ya sunkuya yana duba tayar, sai na ga kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake dannewa saboda ganin dattijo. Ya ce ya yi karatu a wata ƙasa mai sanyi, kuma wannan abin da na kira tauraro ba tauraro ba ne, hoton dusar ƙanƙara ne. An yi robar da laushi ne don kada sanyi ya sandarar da ita, su kansu masu ita cire ta suke yi idan zafinsu ya shigo. Ga ta kuma ta tsufa, ga lodi, ga kwaltarmu da za ta iya gasa masara. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya matsa mini wuri a gaba, na rungumi wilin a cinya don mu je Gashuwa neman taya. Na roƙi surukina ya bi su, ni in nemi wata motar. Ya ƙi.

“Je ka, ɗana. Waɗannan ba a barinsu su kaɗai.”

Abin da na tarar da na dawo, bayan la'asar, shi ne ya hana ni mantawa. Jarkar ruwan shanmu babu ko ɗigo, butarsa ma haka. Ya tuɓe babbar rigarsa da rawaninsa ya shimfiɗa a kan dashen, ya yi ta yayyafa musu ruwan kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Shi kuma yana zaune a gindin mota daga shi sai 'yar shara, leɓɓansa sun bushe fari fat. Da taimama ya yi salla. Na miƙa masa ruwan da na sayo, ya kurɓa sau ɗaya, ya tashi ya juye sauran a kan buhunan.

Duk da haka na saman sun riga sun dahu, sai na ƙasan ne suka tsira. Abin da aka dasa bai kai rabin gonar ba. Duk ranar da aiki ya bi da ni ta Katuzu a wannan rani, sai in hango fangulan da suka yi kore shar, kusa da su kuma fili fetal. Na so ya yi mini faɗa ko sau ɗaya ne in samu sauƙi. Bai taɓa ɗaga maganar ba, ko a gaban 'yarsa.

Da aka yi girbi, sai ga buhun shinkafa an sauke a ƙofar gidana, cike fam, kamar yadda ya saba aiko wa jikokinsa kowace shekara. Sai daga baya matata ta ji a bakin ƙanwarta cewa tun kafin damina ta yi nisa gidansu suka koma awo a kasuwa. Ranar da ta gaya mini, tuwon shinkafar ne a gabana, na kasa kai loma ta biyu.

Tun daga lokacin na daina sayen abu don kyan ganinsa ko daɗin bakin mai shi. Sai na tambaya don wace ƙasa aka yi shi, don wane aiki, idan mai sayarwa bai sani ba in nemi wanda ya sani. Na gane cewa idan ka yi shaci-faɗi a kan abin da ba ka sani ba, sau da yawa ba kai ne za ka kwana da yunwa ba, wani ne da ya yarda da kai, kuma mai yiwuwa ba zai taɓa gaya maka ba.