Dakta Gunvor Ta Tsaya Wa Mai Ciki

Gunvor Haugland likitar yara ce a wani asibiti da ke gaɓar tekun Norway. Mace ce marar son hayaniya, ko taron ƙungiyar likitoci ba ta cika zuwa ba. Da aka rasa mai wakiltar ƙungiyar a asibitin, sai aka ɗora mata, ta karɓa tana ƙunƙuni.

Wata safiya ta tarar da abokiyar aikinta Synne tana kuka a ɗakin canza kaya. Ashe da cikin Synne ya fito, shugaban sashe, Terje Moen, ya ce ba za a sabunta mata aiki ba, wai suna neman wanda za a dogara da shi.

Ran Gunvor ya ɓaci. Ta kira lauyan ƙungiya, ta ja hannun Synne har ofishin Terje.

"Haba Gunvor, zauna ki sha kofi mu fahimci juna," in ji shi.

"Riƙe kofinka! Baiwar Allah ta tsaya kan jariran mutane har ƙafafunta suka kumbura, yau don za ta haifi nata sai ta zama abin yarwa? Maimaita abin da ka faɗa mata, lauya na kan waya yana ji."

Terje ya shiga kame-kame. Ba a jima ba aka sabunta wa Synne aiki, amma bai taɓa ba ta haƙuri ba.

Gunvor ta riƙe wakilcin har ta yi ritaya. Har yau in aka ambaci Terje, sai ta ja dogon tsaki.