Kwaɗin Gindin Randar Inna

Har yau idan wani ya yabi Yayana a gabana, ya ce samun ɗa irinsa sai an tona, nakan ce Allah ya ƙara masa buɗi, sannan in tashi in nemi abin yi a madafi. Ba ƙinsa nake yi ba, ciki ɗaya muka fito. Amma akwai wani alheri da ya yi wa Innarmu wanda har gobe idan na tuna shi sai raina ya ɓaci.

A ƙarshen shekarun casa'in, Inna tana zaune ita kaɗai a ɗakinta na ƙasa, a tsohon gidanmu na Gummi. Baba ya rasu, Yaya yana Gusau yana fataucin hatsi, ni kuma ina aure a bayan kasuwa, nakan leƙo ta da safe in sake dawowa da la'asar. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take bambancewa. Amma ɗakin nan da tafin ƙafa ta san shi. Ta san inda daɓen ya lotsa kusa da gado, ta san tudun bakin ƙofa, idan kuma ta ji sanyin yashi a yatsunta ta san ta iso randa.

Wata safiya ta kai hannu za ta ɗauki buta, kunama ta harbe ta. Labari ya kai Gusau, Yaya ya zo, ko zama bai yi ba ya yanke hukunci: idan aka sake samun wani abu, zai ɗauke ta ta koma gidansa. Inna ta fi jin zafin wannan magana a kan harbin. A ɗakin nan ta haife mu, daga nan aka fitar da gawar Baba, kuma tsofaffin unguwa a bakin ƙofarta suke hirar hantsi.

"Kwaɗona ya mutu, shi yas sa," ta ce mini bayan ya tafi. "Da yana nan, wace kunama ka shigo mani ɗaki?"

Gaskiyarta ne. Shekara da shekaru akwai wani ƙaton kwaɗo a yashin gindin randarta, ya yi teɓa da gara da kyankyasai da duk abin da ya kuskura ya rarrafo. Kurar mai ga-ruwa ce ta bi ta kansa a zaure. Na ce to wannan ai mai sauƙi ne, kwaɗi sun cika kududdufi. Na kamo mata biyu manya, gari na wayewa babu ko ɗaya. Inna ta yi mini dariya har da riƙe ciki.

"Ke ɗiyag ga, wanda anka kamo ba ya zama. Wanda ya buɗe ido cikin gida shi ka zama. Kuma mai jan cinya nika so, ba kowane tarkace ba."

Haka aka yi ni, matar aure da 'ya'ya, na naɗe zani na shiga kududdufi da ƙwarya bayan ruwan farko, ina neman inda masu jan cinyar suke taruwa. Ana gane su idan sun miƙe ƙafa, bayan cinyarsu ja ne kamar an ƙunsa musu lalle. Ƙwansu dogon zare ne mai yauƙi, da baƙaƙen ɗigo jere a ciki. Na ɗebo na juye a tsohon kasko, muka ajiye a inuwar bakin ƙofa. Matan unguwa suka samu abin yi. Duk wadda ta gamu da ni sai ta tambaye ni ya garke, ko an fara tatsa. Nakan ce ta kawo ƙwaryarta gobe da sassafe.

Ba a jima ba kasko ya cika da talibambam, 'yan baƙaƙe masu wutsiya. Ina dafa musu ganyen zogale har ya yi lugub, ina canza rabin ruwan da na kududdufi, don Inna ta hana na rijiya. Ita ba ta ganinsu, sai ta tsoma yatsa ta ji suna tsotsar mata shi, ta ce yau sun ƙoshi, ko ta ce na yi musu rowa. Ƙafafun baya suka fito, na gaba suka biyo, wutsiya ta shanye. Muka jingina musu tsingaro suka hauro, kowanne bai wuce ƙwayar wake ba.

Wahalar daga nan ta fara. Kaji suka kwashe wasu, rana ta busar da wasu, manyan cikinsu suka haɗiye ƙananan ba kunya. Na kewaye gindin randa da fasassun tukwane na zuba sauran a ciki. Ina fasa musu gidan gara, idan shinge, gara mai fiffike, ya tashi bayan ruwa in tara musu a kwano. Kafin kaka saura huɗu, amma huɗun nan sun zama 'yan gida. Sukan zagaya ɗaki su koma yashinsu da kansu.

Na ƙosa, na tambayi Inna yaushe za su isa su tari kunama.

"Sai namijin ya yi murya, wuyanai ya yi baƙi. Damana ta biyu ke nan. Yanzu jarirai na, kunama ita ka cin su."

Saboda haka ni na zama kwaɗon wucin gadi. Kullum sai na ɗaga tabarma, na kakkaɓe takalma, na leƙa bayan buta. Da rani ya shigo suka nutse cikin yashi suka yi lamo, Inna kuma ba ta taɓa mantawa ta zuba musu moɗa guda safe da yamma don kada wurin ya bushe.

Yaya ya san da su, kada wani ya ce bai sani ba. Ya ga kaskon tun farko, ya yamutsa fuska ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa har ta koma kiwon kwaɗi. Abin da mutane za su ce, shi ne ciwon Yaya tun yana yaro.

Da bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa yana watsewa, wata la'asar Inna ta zuba ruwa a yashi, sai muka ji wani ɗan gurnani daga ƙasa, a shaƙe, kamar tsohuwar ƙofa. Ta damƙe hannuna. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarta tun kafin rasuwar Baba. Ta ce ruwan farko kawai suke jira su fito.

A makon ne Yaya ya zo da mota, ya ce likitocin ido sun sauka a wani asibiti, in raka Inna a duba ta, shi zai tsaya ya kula da gida. Har godiya na yi masa. Muka kwana biyu a can, aka ɗiga mata magani aka ce mu dawo wani lokaci.

Muka tarar da gida cike da mutane, kowa na sa albarka. Yaya ya sa magini ya daɓe ɗakin Inna da siminti, bango zuwa bango, sumul. An kife randa a tsakar gida, an ɗora jarkar roba mai famfo a kan kujera. Inna ta sa ƙafa a ɗakin ta tsaya cak. Ta laluba da yatsun ƙafa, ta matsa, ta sake lalubawa. Sai ta bi bango har kusurwar randa ta durƙusa ta ɗora tafin hannu a ƙasa.

"Kun hidda su?"

"Su wa, Inna?" in ji Yaya. "Yanzu ba kunama, ba gara. Ki huta."

Maƙwabciyarmu ce ta ja ni gefe ta gaya mini. Ta ce da bakinta ta faɗa wa magini akwai kwaɗin tsohuwa a cikin yashin nan, a bari ta tono su. Magini ya dubi Yaya, Yaya ya ce a daɓe kawai, siminti na bushewa.

Tunda nake ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ran nan a zaure. Na tambaye shi ko tono yashi da hannu zai karya masa jari. Na ce ɗakinta ne, da ranta da hankalinta, me zai hana ya tambaye ta? Na ce wannan daɓen don idon mutane ya yi shi, ita da ba ta gani ai ba don ita ba ne. Ya dube ni sheƙeƙe ya ce, "A kan kwaɗi kika yi mani wanga?" Abin da ya fi ƙona mini rai, Inna ce ta kira ni ta ce babba ne, in ba shi haƙuri. Na durƙusa na ba shi, ya kuma karɓa.

In faɗi gaskiya, kunama ba ta sake shiga ɗakin ba. Sai dai Inna ta ɓace a cikinsa. Ko'ina ɗaya ne a ƙafarta. Ta nufi ƙofa ta yi karo da bango, ta nemi gado ta samu kujera. Famfon jarkar kuma yana ɗiga. Damina ba ta yi nisa ba, wata safiya ta taka jiƙaƙƙen siminti santsi ya kwashe ta, ƙashin kwankwasonta ya goce.

Yaya ya iso da yamma. A gaban jama'a ya ce, "Kun gani ko? Ai na hwaɗi, ba ta iya zama ita ɗai." Kowa ya gyaɗa kai. Aka shimfiɗa mata katifa a bayan mota, ni na ɗauko mata ƙunshin kayanta. Da aka zo tayar da mota ta jawo kunnena ta ce in gyara mata ɗaki, tana samun sauƙi za ta dawo.

Na ɗauki maganar da gaske. Na aro diga don in fasa kusurwar nan in mayar da yashi da randa, na sake shiga kududdufi na ɗebo sabon ƙwai. Ina isowa gida da ƙwarya a hannu na tarar da ƙofar ɗakin a buɗe, 'yan dako suna jibga buhunan dawa har kusa da rufi. Yaya ne ya saya a kasuwar Bukkuyum yana jira ta ƙara tsada. Ɗaya daga cikinsu ya share gumi ya ce mini ɗakin ya yi kyau da ajiya, ba laima ba gara. Ban ce tun farko da wannan niyya aka yi daɓen ba, Allah ne ya san zuciya. Na dai juya na koma kududdufi na zubar da abin da na ɗebo.

Inna ta yi sauran shekarunta a Gusau, a ɗaki mai fanka. Duk zuwan da na yi, bayan gaisuwa sai ta tambaye ni ko na gyara mata ɗakin. Sau da yawa a gaban Yaya take tambaya, ni in dube shi ina jira ya amsa, shi kuma ya ci gaba da murɗa rediyonsa.