Sarakunan Mijina Masu Suna Ɗaya

Mijina ya kwaso mu har Kuala Lumpur da kuɗin karatu na gwamnati, don ya yi digiri na uku a kan wasu sarakunan Jamus da duk ƙasarsu ba ta kai ƙaramar hukumarmu ba. Sarautar ma ta daɗe da mutuwa. Amma a ɗan gidanmu na unguwar Titiwangsa sarakunan suna nan da ransu, har tabarmar cin abinci tare muke hawa.

Abin da ya fi burge shi, duk namijin da aka haifa a gidan sarautar suna ɗaya ake raɗa masa, sai a bi shi da lamba. Wai riƙon asali ke nan. Ni kuwa na ce mai kiwon kaji ma ya fi su dabara, don shi ya san baƙa, ya san wake-wake.

Dariya nake yi kawai, har cikina na biyu ya tsufa, likita ta ce namiji ne. Ɗanmu na fari sunan surukina gare shi, shi ya sa ban taɓa kama sunan ba. Sai ga maigida da shawara, wai wannan ma a maimaita, ya zama na biyu, irin na sarakunansa. Mutumin da gadon gidansu kaf keken ɗinki ne guda. A shekarar kuma babana ya rasu, ina nan, a waya aka gaya mini. Sunansa nake so a sa wa yaron, na kuma faɗa ba ɓoye-ɓoye. Ya ce a bari sai na gaba, sai ka ce haihuwa shinkafa ce da ake sayowa a shagon ƙasan bene. Na ji zafin maganar nan ƙwarai.

Ana haka wata rana ya dawo daga jami'a fuska a murtuke, ko abinci bai kalla ba. Ashe malaminsa ne ya dawo masa da babi guda. Lambobin sun rikice masa, ya aura wa wani sarki kakarsa, ya kuma tura wani fagen yaƙi alhali yana zanen goyo. Na yi dariya har bayana ya riƙe.

Ya ce ba abin dariya ba ne lah, da salon maganar mutanen garin, wai small confusion ne kawai, ɗan ruɗani.

Na ce, "Malam, kai da ka yi furfura a kansu ka kasa raba kaka da jika, ni kake so in yi ta ƙirga 'ya'yana? Ban ga gawar Baba ba. Ka bar ni in ji ana kiran sunansa a gidan nan."

Ya koma kan takardunsa, ni ma ban ƙara tayar da zancen ba har na sauka.

Ranar suna ya je kasuwar Chow Kit da abokan karatunsa neman nama, daga nan suka wuce masallaci. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa, bai dube ni ba, ya faɗi sunan babana.

Sarakunan nan har yau ban ga abin burgewa a jikinsu ba. Sunan kuwa ban taɓa furta shi ba, bakina ba ya iyawa. Sai dai yanzu da yaron ya yi wayo, kullum in na sauke tukunya nakan leƙa in ce, "Baba, zo ka ci abinci," kuma ya zo.