Ɗan Farin Inna a Allon Azurfa

Ni dai tun ina saurayi Allah ya jarabce ni da son tarkace. Duk abin da ke da ƙarfe da kusoshi, in dai ya lalace, to nawa ne. Sana'ata gyaran injin ban-ruwa, daga ƙauyenmu na kusa da Abu Na'ama, a ƙasar Sudan, har gonakin bakin kogi, amma rabin abin da ke ɗakina ba ruwansa da ban-ruwa. Inna takan ce da za a kawo mushen jaki a ce da waya a cikinsa, da na taya.

A kasuwar Sinnar na ci karo da na'urar, wurin wani mai gwanjo da ya kwashe kayan gidan wani Bature da ya daɗe da barin ƙasar. Akwati biyu ne. A ɗaya akwai kyamarar ɗaukar majigi wadda ake murɗa mata mabuɗi kamar agogo, amma maimakon ido ɗaya, idanu biyu gare ta a jere, kamar na mutum. A ɗayan akwai injin haskawa, da allo mai ruwan azurfa a naɗe, da 'yan tabarau masu duhu, da gwangwanaye na fim da ba a taɓa buɗewa ba. Mai gwanjon bai san kan abin ba, ni ma haka. Sai da na yi damina guda ina kwancewa ina ɗaurawa kafin na gane dabarar: ido ɗaya na na'urar yana ɗaukar wa idonka na dama, ɗayan na hagu, tabarau kuma shi ke raba wa kowane ido rabonsa. In komai ya daidaita, hoton ba ya zama a jikin allo, buɗewa yake yi ciki da waje. Sharaɗinsa ɗaya: ka miƙe wuyanka ka kalli abin kai tsaye. Ka ɗan karkata kai, hoton ya rabu biyu.

Wanda na fara ɗauka shi ne Yaya, babban wanmu, ɗan farin Inna. Lokacin yana shirin tafiya. Kakanmu ya baro ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya noman auduga don ya tara guzuri, guzurin bai taru ba har aka binne shi a nan. Babanmu ma haka. Yaya ya ce shi kam zai ƙarasa musu tafiyar, ta Bur Sudan, a irin ƙananan jiragen ruwan da ke ƙetarawa da mutane ba tare da takarda ba. Na ce masa kafin ya zama Alhaji ya fi ƙarfinmu, ya zo in ɗauke shi. Na tsayar da shi a bakin tur'a, wato babban magudanar da ke kai ruwa gonaki, na ce ya taho wajena, ya miƙo min karan takandar da ke hannunsa, sannan ya juya ya tafi. Ya yi, yana dariya yana ce mini mahaukaci.

Dole in faɗi yadda Inna take da Yaya, don 'ya'yanmu na yanzu, da Larabci ya fi Hausa a bakinsu, ba su san wannan ba. A wurinmu uwa tana kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi, ba ta kallon fuskarsa. Ana yaye Yaya kakarmu ta ɗauke shi, ya girma a ɗakinta, danga ɗaya ce tsakaninsu da Inna. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan". In ya shigo gaishe ta, ta karkatar da kai gefe, ta amsa wa bango. Ni kuwa auta, har na yi gemu tana cusa mini ƙanzo a baki. Ban taɓa ganin abin a matsayin wani abu ba, haka muka taso muka tarar.

Fim ɗin ya tafi Hartum a hannun wani direban lori, daga can aka wuce da shi Masar wanki. Sai bayan an gama tsinkar auduga ya dawo, saura kaɗan Yaya ya tashi.

Mai injin niƙa ne kaɗai ke da janareta a ƙauyen, kuma da rana yake tayar da shi. Don haka da rana tsaka muka yi kallon, lokacin da tsofaffi ke hana yara yawo saboda mutanen ɓoye. Muka shiga ɗakin ajiyar buhuna, muka toshe tagogi da tsumma, na rataye allon. Hoton wannan na'ura dogo ne, siriri, tsayinsa ya fi faɗinsa. Da na kunna, wallahi sai ka ce an buɗe wata ƙofa a bangon da muka san babu ƙofa. Ga tur'a ta miƙe ta shige can ciki, bayan bangon, inda muka san turken awakin maƙwabci ne. Ga Yaya yana tahowa daga nesa. Babu sauti ko kaɗan, sai ƙarar injin, kar-kar-kar. Bakinsa yana motsi, yana dariya, ba a jin komai. Da ya miƙo takandar nan, sai ta fito daga bango ta tsaya a iska, a saman kawunanmu. Wata gwaggonmu ta yi salati ta faɗi da baya. Wani tsoho ya kai hannu zai karɓa, ya damƙi iska, ya dubi tafinsa, ya tashi ya fita. Shi kuwa Yaya na gaske yana zaune a kan buhu, yana kallon kansa, dariyarsa ta ɗauke.

Tabarau ba su da yawa, ana karɓa-karɓa, ina maimaita fim ɗin. Inna tana can bakin ƙofa, ta ce ita ba ta son shirme. Matan suka matsa mata, suka ɗora mata tabarau a kan hanci. Na gan ta a cikin ɗan hasken da ke dawowa daga allo. Ta yi abin da ta saba yi duk ranar Allah in wancan yana gabanta: ta sunkuyar da kai, ta karkatar da shi gefe, ta saci kallo ta wutsiyar ido. Ba ta daɗe ba ta cire, ta ajiye a ƙasa a hankali, ta fita.

Da la'asar na same ta tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Auta, mutum nawa ka ɗauka a cikin abin ga?"

"Ɗaya mana, Inna."

"Biyu na gani. Ɗaya na tahowa. Ɗayan ya yi fari-fari, ana ganin gona ta cikinsa, yana zamewa daga jikin na farkon."

Na yi dariya, na ce ai karkata kai ta yi, na ɗauko faranti biyu ina nuna mata yadda ido da ido ke haɗuwa. Ta bar ni na gama surutuna tas.

"Na ji," ta ce. "Amma ni na san mi na gani. Kurwa ba ta barin jiki a banza."

Tsigar jikina ta tashi, ni da na san kan na'urar ciki da waje. Ta ci gaba da tankaɗe, sannan ta ce, "Ka ce wa wancan..."

"In ce masa me, Inna?"

Rariyar ta tsaya a hannunta. Na jira. Na rantse da ta ce kada ya tafi, da Yaya bai tafi ba, don bai taɓa jin ta nemi wani abu a wurinsa ba. Amma uwa ta nuna damuwa da ɗan fari a fili? Da wane ido za ta kalli matan gari?

"Ba komai," ta ce. "Miƙo mini ƙwaryar can."

Ni na faɗa wa Yaya abin da ta gani, da bakina. Ya yi murmushi ya ce, "Ita ta aiko ka?" Na ce a'a. Ya ce to. Ranar tafiyar ya durƙusa a ƙofar madafa, Inna tana yin kisira, wainar nan mai faɗi ta mutanen Sudan, ta ba shi baya. Ta ce, "Allah shi kiyaye hanya," tana kallon tanda. Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi.

Daga Bur Sudan wani ya ce ya gan shi yana jiran jirgi. Bayan wannan babu wanda ya sake ganinsa, a wannan gaɓar ko a waccan. Ba gawa, ba saƙo, ba wanda za a yi wa ta'aziyya a kansa. Mutanen gari suka ce na'urata ce ta zare masa kurwa tun kafin ya tashi, har wasu suka daina ba ni hannu. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai, na yi faɗa da mutane da yawa a kan haka, har da waɗanda suka girme ni. Daga baya na gaji, na rufe akwatunan na tura ƙarƙashin gado. Wani lokaci in na kwanta da rana sai in ji kamar akwai mutum a ƙarƙashina yana tafiya a bakin ruwa.

Inna ba ta yi kuka a gaban kowa ba, ba ta tambayi kowa ba. Sai dai duk alhajin da ya dawo, a ƙauyenmu ko na kusa, za ta ce in je in yi masa barka, in na dawo kuma ta tsare ni da ido har in ce, "Bai ji komai ba." Sai ta ce, "Wa ya tambaye ka?"

Haka muka yi shekaru, na yi aure, na yi furfura. Wutar lantarki ta zo ƙauyen. Yanar ido ta fara rufe wa Inna idon hagu. Wata rana da hantsi, matata ta tafi biki da yara, gidan ba kowa, ta kira ni.

"Abin nan naka mai ido biyu, yana nan?"

"Yana nan."

"An ce sai da ido biyu ake ganinsa daidai."

"Haka ne."

"To fito da shi tun ina da biyun."

Da na buɗe gwangwanin, wani wari mai tsami ya bugi hancina. Fim ɗin ya fara lalacewa, ya yi taushi, gefensa ya nannaɗe. Ƙwan injin kuwa shi ke nan guda, babu inda zan sami wani. Na toshe tagar ɗakinta, na rataye allon da duk ya yi tabo, na zaunar da ita a bakin gado, daidai tsakiya, na sa mata tabarau. Na zura fim ɗin.

Ƙofar nan ta sake buɗewa a bango. Launin ya koma ja-ja, kamar an ɗauka cikin guguwa, amma ga tur'a, ga shi can yana tahowa, saurayi, ni da nake ƙaninsa na girme shi yanzu. Na dubi Inna. Kanta ya riga ya karkata.

"Ga su nan su biyu," ta ce da ƙaramar murya. "Ga farin nan yana fita."

"Inna, miƙe kanki."

"Na miƙe."

Ba ta miƙe ba, ita a ganinta ta miƙe. Wuyan ya saba. Raina ya ɓaci, tausayi kuma ya kama ni, ga fim yana ci, ban san ko zai yarda a sake juya shi ba. Na zagaya bayanta na yi abin da ban taɓa yi ba, na kama kan mahaifiyata da hannu biyu. Ta ƙanƙame wuya. Tsohuwa ce da ba ta fi kara nauyi ba, amma wallahi sai da na sa ƙarfi.

"Sake ni, marar kunya!"

"Babu kowa, Inna. Daga ni sai ke. Dube shi."

Na ji wuyan ya saki a hannuna kaɗan-kaɗan. Sai ta ja numfashi da ƙarfi.

"Ya koma cikinsa," ta ce. "Auta, ya koma! Mutum ɗaya ne!"

Yaya ya iso gab da mu, fuskarsa ta cika ƙofar, ta fito cikin ɗakin, tana dariyar da ba a ji. Inna ba ta ƙifta ba. Ina jin jijiyar gefen kanta tana bugawa a tafina. Ta kalle shi daga goshi har haɓa, a hankali, yadda ake duba jariri ranar da aka haife shi.

"Mi ne wancan a girarsa?"

"Tabo ne, Inna. Tun yana yaro, an ce a kan bakin garma ya faɗi." Kowa a garin ya san tabon nan, har tsokanarsa ake yi da shi.

"Ashe nan ne wurin," ta ce. "Ina tsakar gida ranar. Ina jin kukansa ta bayan danga, yana kiran Inna, Inna. Kakarku na nan, da baƙi. Ban fita ba."

Ta ɗaga hannu, ta miƙa yatsa cikin iskar ɗakin, daidai inda girar take, tana shafawa a hankali. Ta buɗe baki ta kira sunansa. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba, har ya yi mini kamar na wani baƙo. Ta sake kira, da ƙarfi.

Shi kuwa lokacin juyawarsa ya yi, kamar yadda na umarce shi a bakin tur'a. Ya ba mu baya ya kama hanya, hannunta yana miƙe.