Sulhun da Yaya Hadiza Ta Ƙi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata, Dakta Hadiza, likitar yara a nan Riyad. Duk shekara addu'a nake mata in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni.

A lokacinta akwai wani injiniya ɗan ƙasarmu a unguwar Malaz, mai fara'a da sakin hannu. Shi ke kwasar yaranmu a motarsa kowace Asabar zuwa karatun Hausa, don Larabci ya fara cinye musu harshe. 'Yata Amira na cikinsu, tana da shekara takwas. Mu iyaye sai sa albarka muke yi, ya ɗauke mana wahalar hanya.

Wata rana matarsa ta zo gidan Yaya tana kuka. Ta ga hotunan yara a wayarsa, irin waɗanda baki ba ya iya faɗa. Yaya ta ce sai 'yan sanda, ni ma na bi bayanta. Amma mu mutanen waje muna da al'adarmu: abin da ya faru tsakaninmu, dattawa ke kashe shi a falo. Aka zauna, aka sha gahawa. Babban cikinsu ya ce, "Dakta, ki rufa mana asiri. In maganar nan ta fita, kafil, mai ɗaukar nauyin zamanmu a nan, zai kalle mu duka da ido ɗaya, iƙamar mutane da yawa, takardar izinin zamansu, za ta tafi. Ya yi rantsuwa, ya goge, zai bar ƙasar. Khalas, shi ke nan."

Yaya ta ce, "Alhaji, 'ya'yan wa ke cikin hotunan? Wa ya duba kafin a goge?"

Matar ta janye maganarta, Yaya ba ta da abin da za ta kai wa hukuma. Aka raka injiniyan filin jirgi da dabino da turare. Yaya kuwa aka daina gayyatarta suna da walima har ciwo ya kwantar da ita. Ban yafe wannan ba, kuma ba zan ɓoye ba.

Watan jiya labari ya iso. A ƙasar da ya koma, masu gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya sun gurfanar da shi kan tara irin waɗannan hotuna da rarraba su. An ce wasu hotunan tsofaffi ne, tun zamansa a Gabas ta Tsakiya, kuma har yau ba a gano ko yaran wa ne ba. Ashe gogewar ta baki ce. Masu sulhun nan yanzu gaisuwa kawai suke turowa a waya, babu mai ɗaga zancen.

Da tana raye ba za ta ce mana "na faɗa muku" ba, ba halinta ba ne. Mayafinta za ta ɗauka ta bi gida-gida, ta zauna da kowane yaro a hankali, yadda take yi da marasa lafiyarta. Aikin da ta bar mana ke nan, kuma ina tsoronsa fiye da yadda nake tsoron kotu.

Jiya muna girki na ambaci sunansa da zancen kama shi, kamar ba komai. Amira, wadda ba ta gajiya da surutu, ta kashe murhu ta wanke hannu. Ta tambaye ni da Larabci ko an tabbata ba zai fito daga kurkuku ba.