Jirgin Baba Lado Bai Taɓa Tashi Ba

Nisa ya mutu. Alhaji Taufiƙ ne ya sanar da rasuwarsa ranar Lahadi, a walimar da unguwa ta shirya wa Baba Lado. Tsakanin Yaoundé da Jidda, in ji shi, akwai kilomita fiye da dubu uku, amma yau mutum zai karya kumallo a gida ya yi la'asar a ƙasa mai tsarki. Muka tafa. Baba Lado ma ya tafa, a hankali, don likita ya hana shi wahalar da ƙirji.

Baba Lado tela ne a unguwar Briqueterie. Da safe ɗinki yake yi. In aikin hajji ya gabato kuwa, bayan la'asar sai ya tura keken ɗinki gefe, ya jera benci uku a zaurensa, kowanne da ɗamara irin ta kujerar jirgi, wadda ya ɗinka daga ragowar yadi. Nan tsofaffin maniyyata ke zama, yana koya musu ɗaura ɗamara, da yin salla a zaune, da haɗiye yawu in kunne ya toshe, da kulle ƙofar bayin jirgi. Duk daga bakin alhazan da suka dawo ya tsinto, da tambaya. Shi iyakarsa ƙofar filin jirgi na Nsimalen.

Hajiya Saliha mai ƙosai ta ba da shaida a walimar: "Wallahi Baba, da jirgin nan ya soma girgiza, har na yi kalmar shahada. Sai na ji muryarka: 'Ke Saliha, hanyar Etoudi ba ta fi wannan ramuka ba?' Nan na saki hannun 'yar mutane."

Duk shekara wani attajiri kan dafa kafaɗarsa ya ce, "Baɗi da kai za mu, Baba." Baɗi ta yi ta zuwa, ba ta taɓa samun sa a gida ba. Bana dai aka haɗa masa kujera. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya ce wannan zuciya ba za ta ɗauki tafiyar ba. Mun iso da alherinmu daidai lokacin da ya daina amfani.

Baba Lado ya ce a ba da kujerar ga Bintu, tsohuwar da ke share ɓangaren mata a masallaci. Shi ya zaunar da ita a benci.

"Yaya Lado, in na faɗo fa?"

"In kin faɗo ki faɗo ta Makka. Ɗaura ɗamara."

Baba Lado, kai ne matuƙin da bai taɓa barin ƙasa ba. Kai ka rage wa iyayenmu nisan da jirgi ba ya ragewa, wanda ke tsakanin tsoro da kujera. Mun gode, Allah ya rubuta maka ladan kowace tafiya. Mu kuma da muka saura, wani ya karɓi bencin nan, kuma mu daina ajiye mutum sai baɗi.

Alhaji Taufiƙ ya tafi kafin a yi addu'a, yana da jirgin Dubai. Da mai hayar kujeru ya zo kwashe kayansa, ya yi ta neman wanda zai sallame shi. Na ga Baba Lado ya ja shi bayan rumfa, ya sa hannu a aljihu.