Sista Asabe, wadda ta hana ni ajiye aikin koyarwa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin karyawa da safiyar nan 'yata ta kira ni a waya, ta ce, "Mama, Sista Asabe ta rasu."

Na kasa ƙarasa kokon da ke hannuna.

Yaran yanzu ba su san ta ba. Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke Titin Bauchi, a ƙarshen shekarun saba'in, lokacin ina malamar firamare a nan Jos. Abin da zan faɗa ban taɓa faɗarsa a bainar jama'a ba. Amma na tsufa, kuma ta cancanci a sani.

Bayan haihuwata ta huɗu jikina ya canza. In na yi tari ko atishawa ko dariya, sai fitsari ya zubo. Ga wani nauyi a ƙasana, kamar wani abu na shirin faɗowa. Ga sanyin Jos, ga ƙurar alli, tari ba ya barina.

Na koma ninke tsumma a cikin zane. Na daina shan ruwa da safe. A aji ba na tashi daga kujera, ni da ke zagaye yara ina waƙa da su. Alwala kuwa sai in yi uku kafin in samu sallah ɗaya, ina yi ina kuka.

Ban gaya wa kowa ba, har mijina Malam Sani. Na rubuta takardar barin aiki, na sa a jaka, ina jiran ranar da zan iya miƙa wa hedimasta.

Ranar da na kai jaririna awo, muna kan benci, tari ya kama ni. Na matse ƙafafu na sunkuyar da kai. Ashe Sista na kallona. Da aka gama ta ce, "Malama, ɗan tsaya, akwai gyara a katinki."

Ba wani gyara. Ta rufe ƙofa, ta karɓi yaron ta rungume, ta ce, "In kin yi tari yana zubowa, ko?"

Sai hawaye.

Ta ce, "Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba ƙazanta ba ce. Naman da ke tallafe da mahaifa da mafitsara ne ya saki. Nama kuwa ana ƙarfafa shi."

Sai da ta nemi izinina kafin ta duba ni. Ta ɗumama hannunta, ta sa safar hannu, ta ce in yi tari, ta ce in yi nishi. Sannan ta ce in matse yatsanta kamar ina riƙe fitsari. Na yi iya yina. Ta yi dariya ta ce, "Cikinki kike matsewa, Malama. Sauko ƙasa." A karo na huɗu ta ce, "Yauwa! Shi ke nan. Kin gano shi."

Ta ce in riƙa matsewa ina ƙirga biyar in saki, sau goma, bayan kowace sallah don kada in manta. Ta sa mini wani zoben roba da ke tare mahaifa, ta ce in riƙa zuwa tana dubawa. Ta ba ni maganin tari. Ta yi mini faɗa a kan ƙin shan ruwa, ta ce in yawaita ganye don kada bayan gida ya yi tauri.

Da ta ji ni ke ɗebo ruwa daga rijiya, ranar Asabar sai ga ta a gidanmu a unguwar Abattoir. Ban san me ta faɗa wa Malam Sani a zaure ba. Na dai san daga ranar, ko shi ko ƙanensa ke ɗaukar bokiti. Allah ya jiƙan Malam Sani.

Ba a rana ɗaya na samu sauƙi ba. Wata biyu ban ga wani canji ba, har na ce mata na gaji. Ta ce, "Ƙara mini wata biyu." A wata na huɗu na yi atishawa a gaban allo, na tsaya cak ina jira. Ba komai. Da na koma gida na jefa takardar nan a murhu.

Na koyar har na yi ritaya.

Ganina da ita na ƙarshe bara ne, a wani suna a Kuru. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi rauni. Na durƙusa na faɗi sunana, na ba ta labarin duka, na yi mata godiyar da na daɗe ina riƙe da ita. Ta ce, "Wallahi 'yar nan ban tuna ba. Kuna da yawa."

Sai ta laluba ta kama hannuna. "Amma kin warke dai?"

Na ce na warke, Sista.

Ta ce, "To alhamdulillahi. Zauna nan kusa da ni, mu ci waina."

Ya Allah ka gafarta wa Sista Asabe, ka rufa mata asiri a gabanka, ka haskaka kabarinta, ka sa Aljanna ce makomarta. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa ta a addu'a, ko da bai san ta ba.